Hankaki suna tumɓuke mini masara: shin harbi ne mafita?

Mai Masara ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa manoma, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun saukar damina, kuma ina fata waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a za su ba ni haske. Ina noman masara, da ɗan yanki na gyaɗa a gefe, sai hankaki suka sa gonar a gaba. Da zarar tsiro ya leƙo, sai su sauko da sassafe su riƙa bin kunya suna tumɓuke shi ɗaya bayan ɗaya. Ba ganyen suke ci ba, ƙwayar irin da ke maƙale a gindin tsiron suke cirewa, su yar da tsiron a bakin ramin, kafin azahar rana ta ƙona shi. Wasu kunyoyin sai da na sake shuka su, shi ya sa masarar ba ta tashi daidai ba, wata ta kai gwiwa wata kuma yanzu take fitowa.

Na kafa mutum-mutumi, na ɗaura ledoji da gwangwanaye a igiya, kuma da farko sun yi aiki, amma ba a jima ba hankakin suka saba, suka koma sauka kusa da su ba tare da fargaba ba. Yanzu shawara biyu ce a gabana. Wani maƙwabcina da ke da bindiga mai lasisi ya ce zai zo ya harbe su, wani kuma ya ce in jiƙa hatsi da maganin ƙwari mai ƙarfi in watsa a gefen gona, cikin yini ɗaya a gama da su. Zuciyata ba ta kwanta da shawara ta biyu ba, amma asarar da nake yi ta kai inda ba zan iya zuba ido ba.

Shin harbi yana rage yawan hankaki da gaske, ko kuwa ɓata harsashi ne kawai? Idan yana da amfani, a wane lokaci ake yinsa kuma ta wace hanya? Me doka take cewa a kai? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Masara. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Na daɗe ina riƙe bindiga, kuma abin da zan faɗa maka ba lallai ya yi wa maƙwabcinka daɗi ba: bindiga ba ta ƙarar da hankaki daga gona. A safiyar farko zai iya kayar da ɗaya ko biyu, wataƙila uku idan ya iya ɓuya. Daga nan kuma sauran sun san shi, sun san rigarsa, sun san hanyar da yake biyowa da lokacin da yake zuwa, kuma za su tashi tun yana nesa, su koma kan wata bishiya su jira ya tafi. Duk wanda ya yi farautar hankaka ya san yana bambanta mutumin da ya saɓa fartanya da wanda ya saɓa bindiga.

Wannan ba zancen mafarauta kaɗai ba ne. A Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka, John Marzluff da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a shekarar 2006, inda suka sanya wata fuskar roba suka kama 'yan hankaki kaɗan, suka sa musu alama a ƙafa suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sanya wannan fuska ya ratsa harabar jami'ar sai hankaki su taru a kansa da kuka, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba da waɗanda ba a ƙyanƙyashe su ba lokacin da aka yi kamun. Ashe tsuntsun yana riƙe fuskar wanda ya cuce shi, kuma yana koya wa 'yan'uwansa.

To, a nan ne amfanin harbi yake. Ribarsa ba a yawan waɗanda suka faɗi take ba, a tsoron da take sa wa waɗanda suka rage take. Mutum-mutuminka ya daina aiki ne domin hankakin sun gwada shi sun ga ba ya komai. Amma idan wani lokaci abin da ke tsaye a gona cikin waccan riga da waccan hula mutum ne da bindiga, wani lokaci kuma kara ne da tsumma, ba za su yarda su yi caca da rayuwarsu ba. Saboda haka ina ba da shawara mai harbin ya sanya irin tufafin da ke jikin mutum-mutumin, a kuma riƙa sauya wa mutum-mutumin wuri kowace rana.

Game da yadda ake yin harbin, a fara da kallo kafin a ɗauki bindiga. Hankaki suna kwana a tare a kan manyan bishiyoyi, kuma kusan hanya ɗaya suke bi kullum daga makwancinsu zuwa wurin kiwo. A gano wannan hanya, a yi ɗan maɓoya da kara ko rassa a ƙarƙashinta, a bar shi ya kwana biyu su saba da ganinsa, sannan a shiga tun da duhun asuba kafin su tashi. A rufe fuska da hannuwa, kuma kada a motsa, domin motsi suke fara gani. Bindigar da ta dace ita ce mai watsa ƙananan harsasai, kuma kada a harba sai tsuntsun ya shigo cikin mita 30 zuwa 35. Wanda ya wuce haka rauni kawai za a ji masa, ya tafi ya mutu a wahale, wannan kuwa ba aikin maharbi ba ne. Idan ya faɗi da sauran rai, a ƙarasa shi nan take. Hankaki suna ƙin mujiya ƙwarai, shi ya sa wasu maharba suke kafa mujiyar roba a kan sanda domin su taru a kanta, amma wannan dabara sau ɗaya ko biyu take ci a wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaron rayukan mutane. Kada a taɓa harbin hankaka a kan bishiya ko a sararin sama da bindiga mai harsashi ɗaya, domin ko ƙaramar nan mai lamba .22 harsashinta yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma babu wanda ya san inda zai sauka. Ko ƙananan harsasan bindiga mai watsawa suna kaiwa mita 200 ko fiye kafin su zubo. Gona wuri ce da mutane ke duƙe suna aiki, yara na kiwo a gefe, masu wucewa na ratsawa, don haka wanda bai ga abin da ke bayan tsuntsun ba bai kamata ya taɓa kunamar bindiga ba. A sanar da maƙwabta ranar da za a yi harbi, a cire harsashi kafin a tsallake shinge ko rami, kuma kada a miƙa wa yaro bindiga da sunan gadin gona. Batun guba kuwa zan bar wa masana, amma ni ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Malamar Gona ta rubuta:

Malam Mai Masara, sannu da haƙuri. Bayanin da ka yi na tsiron da aka tumɓuke aka cire ƙwayarsa aka yar da shi a bakin rami ya nuna hankaka ne, kuma ya kyautu sauran masu karanta wannan tattaunawa su lura da wannan alama, domin sau da yawa ana ɗora wa hankaka laifin da ba nasa ba saboda shi ake gani da rana. Kurege da ɓera haƙa suke yi, za a ga ƙasa a tare a gefen ramin. Fakara da zabi tono suke yi da ƙafa, su baje kunyar. Tsutsar da ke yanke tsiro kuma a daidai ƙasa take datse shi, ta bar saiwar da ƙwayar a ciki. Har ma yakan faru hankaka ya sauka gona don neman gwazarma da tsutsotsin da ke cikin ƙasa, a ɗauka iri yake ci.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lokacin haɗarin gajere ne. Tsiron masara yana rayuwa da abincin da ke cikin ƙwayarsa har ya fitar da ganye uku ko huɗu, daga nan ƙwayar ta zama fanko, saiwa ta kama ƙasa, hankaka kuma ya daina sha'awarsa. Wannan bai cika wuce mako biyu zuwa uku daga fitowar tsiro ba. Saboda haka ba yaƙin shekara guda ne a gabanka ba, gadin makonni kaɗan ne, kuma yawancin ɓarnar tana faruwa ne daga ketowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma da la'asar. Mutum a tsaye a gona a waɗannan sa'o'i, da majajjawa ko gwangwanin bugawa, ya fi kowace na'ura da na sani.

Akwai kuma abubuwan da ake yi tun ranar shuka. A binne iri ya kai zurfin santimita 5, a danne ƙasar da kyau, domin tsiron da ya yi zurfi idan hankaka ya ja shi katsewa yake yi, ƙwayar ta tsaya a ƙasa, kuma idan ya ja sau da yawa bai samu komai ba yakan bar gonar. Kada a bar ƙwayoyin iri a zube a fili, su ne suke fara kiransa. A yi ƙoƙarin shuka tare da maƙwabta a lokaci ɗaya, saboda gonar da ta riga kowa fitowa ko ta zo a ƙarshe ita ce dukan garken ke taruwa a kanta. A ƙaramar gona, zaren da aka ja tsakanin sanduna a saman kunyoyi, ya gitta nan da can, yana hana su sauka, domin hankaka ba ya son wurin da zai iya sarƙe fiffike idan ya tashi a firgice. Wasu manoma kuma sukan jiƙa masara maras magani su zuba a can nesa da gona na tsawon waɗannan makonni, tsuntsayen su ƙoshi a can su bar tsiron, kuma abin da ake zubawa bai kai kuɗin sake shuka ba.

Duk abin tsoratarwa, ko ƙyalle mai walƙiya ne, ko balan-balan mai zanen idanu, ko igwar gas mai ƙara, yana da gajeren rai idan aka bar shi a wuri ɗaya. A kafa shi ranar da tsiro ya fara leƙowa, ba tun kafin nan ba, a riƙa sauya masa wuri da kama, sannan a kwashe shi da zarar haɗarin ya wuce domin ya sake yin aiki lokacin da masara ta yi goyo. Akwai kuma maganin shafa wa iri da ake yi da sinadarin antirakwinon, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan Avipel. Ba ya kashe tsuntsu, ɓata masa ciki yake yi har ya ƙyamaci irin. Wannan dabam yake da metiyokab, wanda aka daɗe ana shafa wa irin masara a Turai har Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a 2019 saboda haɗarinsa.

Maganar jiƙa hatsi da maganin ƙwari kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka yi watsi da ita. Guba ba ta zaɓen baki. Hatsin da ka watsa don hankaka, kajin maƙwabta da zabi da kurciyoyi za su ci, akuya za ta lasa, kuma yaro na iya tsintar tsuntsun da ya faɗi ya kai gida a gasa. Gawar da ta ci guba ita ma guba ce, kare ya ci ya mutu, shirwa ta ci ta mutu, ungulu ta ci ta mutu. A Botswana a shekarar 2019, gawar giwaye uku da aka sa wa guba ta kashe ungulaye 537. Sinadarin kabofuran, wanda aka fi sani da Furadan, ƙwaya ɗaya tak daga cikinsa tana iya kashe ƙaramin tsuntsu, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2008. Bayan wannan duka, hankakin da suka ga 'yan'uwansu suna faɗuwa za su guji hatsin, sai ya zama ka kashe komai ban da abin da ka nufa.

Makiyayi ya rubuta:

Na gode wa Malama da Baba Maharbi, amma ina ganin an sassauta wa hankaka da yawa, domin ba masu shuka kaɗai yake cuta ba. Mu masu kiwo mun san abin da yake yi wa ɗan tunkiya da aka haifa a fili kafin uwar ta miƙe, ido da harshe yake fara cirewa alhali dabbar tana numfashi, kuma tunkiyar da ta faɗi rigingine ta kasa tashi ita ma haka yake yi mata. Mai kaji kuma ya san yadda yake zama a kan katanga yana jiran kaza ta yi nisa da 'yan tsakinta, ko ya shiga akurki ya soki ƙwai da baki ya tashi da shi. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai gamsu da zare da ƙyalle ba. A addini ma, hadisi ingantacce ya ambaci hankaka cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa, tare da umarnin da muka sani na kyautata kisa ba tare da azabtarwa ba.

Abin da na lura da shi shi ne ba dukan garken ke wannan ta'adi ba. Yawanci ɗaya ne ko biyu suka koyi hanyar akurki ko garke, su ne suke dawowa kullum a lokaci ɗaya, kuma idan aka kawar da su sai a samu sauƙi na tsawon lokaci. A irin wannan hali harbi ko tarko yana da ma'ana sosai, saboda ana neman tsuntsu sananne ne, ba ana yaƙi da jinsin gaba ɗaya ba. Akwai tarkon keji da ake kira Larsen, wanda wani mai kula da namun daji a Denmark ya ƙirƙira a shekarun 1950, ana sa hankaka mai rai a ɗaki ɗaya, hankakan da ke riƙe da yankin ya sauko don ya kore shi, sai ya faɗa ɗaya ɗakin ƙofa ta rufe. Wanda zai yi amfani da shi wajibi ne ya ba tsuntsun da ke ciki ruwa da abinci da inuwa, ya duba tarkon kowace rana, ya saki duk wani tsuntsu da ba shi ake nema ba. Na yarda dai cewa rufe 'yan tsaki da raga a makonninsu na farko, da kwashe ƙwai da wuri, da binne mahaifa da mushe maimakon a yar a fili, su ne matakin farko.

Mai Nazarin Tsuntsaye ya rubuta:

Maganar ɗan'uwa Makiyayi gaskiya ce, kuma bambancin da ya kawo tsakanin kawar da tsuntsun da ya koyi ɓarna da ƙoƙarin rage yawan jinsin shi ne zuciyar lamarin. Sai dai zan ƙara cewa da yawa daga 'yan tumakin da ake samu hankaka a kansu sun riga sun mutu ko sun galabaita tun wurin haihuwa, saboda haka yana da kyau a duba ko raunin ya yi jini, domin wanda aka ji wa bayan mutuwa ba ya zubar da jini.

Dalilin da ya sa kisa ba ya rage yawansu shi ne yadda rayuwarsu take. Hankaka ba ya fara sheƙa sai ya shekara biyu ko fiye, kuma a kowane yanki akwai ma'aurata masu riƙe da wuri, akwai kuma garken matasa marasa wuri da ke yawo suna jiran gurbi. Idan aka harbe ma'auratan, cikin ɗan lokaci wasu za su maye gurbinsu, wani lokaci ma garken da ma'auratan ke kora ne zai samu damar shigowa, ɓarnar ta ƙaru. Abin da ke ƙayyade yawan hankaki a wuri shi ne abinci: juji a buɗe, mayanka da ake zubar da tarkace a fili, mushe a gefen hanya, ragowar abincin dabbobi. Muddin waɗannan suna nan, harbi tamkar kwasar ruwa ne daga rijiya mai ido. An gwada kisan gayya a jihar Oklahoma ta Amurka tsakanin 1934 da 1945, inda aka riƙa tayar da nakiya a makwancinsu da dare, aka kashe fiye da miliyan uku, amma hankaki ba su ƙare a can ba. Kuma kada a manta cewa a sauran watannin shekara wannan tsuntsu yana cin fara da gwazarma da ƙananan ɓeraye, yana kuma share mushe.

Game da doka, ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma abu biyu ne ake dubawa: izinin riƙe bindiga, da izinin kashe tsuntsun. Samun ɗaya ba ya nufin samun ɗayan. A Ingila, dokar kare namun daji ta 1981 ta kare dukan tsuntsayen daji, ana harbin hankaka ne kawai a ƙarƙashin lasisin bai-ɗaya da ya ƙayyade dalilai kamar hana mummunar ɓarna ga amfanin gona ko dabbobi, tare da sharaɗin a nemi hanyoyin da ba na kisa ba tukuna. A watan Afrilu na 2019 an soke waɗannan lasisai na ɗan lokaci bayan ƙungiyar kare namun daji ta Wild Justice ta ƙalubalance su a shari'a, sannan aka sake fitar da su. A Amurka, hankaki sun shiga ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 tun daga 1972, lokacin farautarsu ba ya wuce kwana 124 a shekara kuma ba ya faɗawa tsakiyar lokacin sheƙa, amma an yarda manomi ya kashe waɗanda ke yi masa ɓarna, da sharaɗin kada ya yi amfani da harsashin dalma. Wannan sharaɗi yana da dalili, domin shaho ko ungulun da ya ci gawa mai ɗauke da dalma shi ma yakan kamu da gubarta. Malam Mai Masara, kafin maƙwabcinka ya fito da bindigarsa, ka tuntuɓi malamin gona da ofishin kula da namun daji na yankinka.

Akwai inda hukumomi suke yin kisa mai yawa da gangan, wato a kan hankakan Indiya da aka kai Zanzibar a shekarun 1890, ya bazu a gaɓar tekun Afirka ta Gabas yana korar tsuntsayen asali. A 2024 Kenya ta fara shirin rage shi da wata guba ta musamman mai suna Starlicide, wadda ma'aikatan da aka horar suke sawa, su kuma tattara gawarwakin. Wannan baƙon jinsi ne kuma aikin hukuma ne, ba hujja ba ce ga manomi ya haɗa tasa gubar don hankaka mai farin ƙirji da ya tarar a ƙasarsa.

Mai Masara ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na bar maganar guba har abada. Saura tambaya biyu. Na ji ana cewa idan aka rataye mataccen hankaka a gona sauran ba sa sauka, shin haka ne? Sannan yaya zan yi idan masarar ta yi goyo, tunda na san za su dawo su riƙa yage ɓawon suna cin ƙwayar tun tana ruwa?

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Haka ne, Malam, kuma wannan ita ce babbar ribar hankaka ɗaya da aka harba. A ɗaure shi ta ƙafa a kan doguwar sanda, kai a ƙasa, fukafukai a sake, a wurin da za a hango shi daga nesa. Binciken da Kaeli Swift ta yi tare da Marzluff, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna hankaki suna taruwa a kan gawar ɗan'uwansu, sannan su riƙa ɗari-ɗari da wurin abincin da suka gan ta, har su riƙe fuskar mutumin da suka gani yana ɗauke da ita na tsawon makonni. Saboda haka a rataye shi da dare ko kafin asuba, domin wurin ake so su ji tsoro. A riƙa sauya masa wuri, a ɗauke shi da safar hannu ko leda, idan ya fara ruɓewa kuma a binne shi da zurfi. Wanda ba ya son kisa, ko doka ba ta ba shi dama ba, yana iya yin siffar hankaka da baƙin ƙyalle da gashin baƙar kaza ya rataye ta haka nan, tana yin aiki gwargwado.

Lokacin goyo kuwa, ɓarnar daga layukan gefe take farawa, musamman ɓangaren da ke kusa da bishiyar da suke sauka su yi leƙe. A nan za ka mayar da kayan tsoratarwar da ka ajiye, a nan kuma mai gadi zai tsaya da safe da la'asar. A ƙaramar gona ana iya sa wa goyon da ke layukan gefe jakar takarda ko ta raga bayan gemun ya bushe, ba kafin nan ba, domin kada a hana shi ɗaukar ƙwaya. Harbi a wannan lokaci ya fi haɗari, tunda masara ta fi tsayin mutum kuma ba a ganin wanda ke cikinta, don haka idan har za a yi, a yi shi daga wajen gona, a kan hanyar shigowarsu, bakin bindiga yana kallon sararin da aka tabbatar babu kowa. Idan kuma ka ga suna ɗaukar abinci a baki suna komawa bishiya ɗaya, to suna da 'ya'ya a sheƙa, sai a ajiye bindiga a tsaya ga kora har 'ya'yan su tashi. Da zarar masarar ta bushe kada ka bar ta a tsaye, ka karye ta ka kai rumbu.